Yadda za ka nuna wa mutane kashin ƙarshe na Inspector Morse ba tare da ka yi asararsa ba

Sau biyu na nuna kashin ƙarshe na Inspector Morse a nan unguwar Aboabo a Kumasi, na farko ya lalace a hannuna, na biyu kuwa har yau in mun haɗu a bes, wato majalisarmu ta hira, sai wani ya tada maganar, toh shi ne na ce bari in zauna in rubuta yadda na yi a karo na biyun, don wallahi na gaji da tura boyis iri ɗaya a WhatsApp ga duk wanda ya tambaye ni.

Ga wanda bai san shi ba, fim ne na 'yan sandan ciki na Ingila, tashar ITV ce ta nuna shi daga Janairun 1987 zuwa 15 ga Nuwamba 2000, kashi 33 gaba ɗaya, kuma kowane kashi ya kusa minti 100, wato kowanne fim ne cikakke mai kansa da ƙafarsa. John Thaw shi ne Morse, babban sufeto a garin Oxford, garin jami'ar nan, Kevin Whately kuma shi ne yaronsa sajan Lewis. Daga littattafan Colin Dexter aka ɗauko labarin, guda 13 ya rubuta. Kashin ƙarshen sunansa The Remorseful Day, kamar ka ce ranar nadama.

Bari in faɗa tun yanzu kar wani ya zo yana cewa na ɓata masa fim: Morse mutuwa yake yi a ƙarshe. Ba sirri ba ne, ko Turawan da suka zauna gaban talabijin a daren nan sun sani, tunda littafin ya riga ya fito a 1999. Wanda ya yi kisan da ake bincike a kai ne ba zan faɗa ba, wannan kam ka je ka gani da idonka.

Abu na farko, kuma shi ne inda na ci ƙasa, kar ka fara da shi. Ni karon farko ɗoki ne ya kwashe ni, na samu faifan na tara yara wajen goma sha biyu na ce yau za ku ga fim, na danna kashi na 33 kai tsaye. Yaran da suka saba da fim ɗin da kafin minti biyar an yi mari uku an kifar da mota ɗaya, sai ga wani dattijo mai furfura yana tafiya a hankali yana sauraron waƙar coci yana tsaki. Kafin rabin awa huɗu sun yi barci, biyu sun ce za su sayo indomi ba su dawo ba, ɗaya ya ce mini cale wannan tsohon yaushe zai fara faɗa. Ba laifinsu ba ne. Ka kai mutum jana'izar wanda bai taɓa sani ba sannan ka ce don me bai yi kuka ba?

Saboda haka sai ka ba mutanenka makwanni kaɗan su san mutanen biyu tukuna. Ba sai sun kalli 32 ɗin duka ba, wa ke da wannan lokacin, uku sun isa in ka zaɓa da kyau. Ka fara da The Dead of Jericho, na farkon ke nan, inda Morse da Lewis suka fara haɗuwa, Jericho ɗin ma unguwa ce a Oxford ba ta ƙasar Falasɗinu ba, sai da na yi wa wani malami wannan bayanin sau biyu. Sai ka tsallaka zuwa Dead on Time na 1992, inda matar da Morse ya so aura tun yana saurayi ta sake ɓullowa a rayuwarsa, Lewis kuma ya gano wata gaskiya mai ɗaci ya ɓoye masa ita don kar zuciyarsa ta karye, wannan kashin in ka tsallake shi ka tsallake rabin nauyin ƙarshen. Na uku Death Is Now My Neighbour na 1997, a nan ne bayan shekara goma ana tambaya aka ji sunan yankan Morse, Endeavour, sunan jirgin ruwan Kyaftin Cook wanda baban Morse ke matuƙar so. Mutum ya yi shekara goma yana ɓoye sunansa, ka ga ai ba ƙaramin suna ba ne. In akwai sauran haƙuri a ƙara The Wench Is Dead na 1998 wanda Morse ke kwance a asibiti yana warware wani tsohon kisa daga kan gado, amma Lewis ba ya ciki, don haka ni ba na matsa wa kowa a kansa.

Yayin da ake kallon waɗannan ka riƙa jan hankalinsu ga ƙananan abubuwa, ba ga gawa ba. Wa ke biyan kuɗi in sun shiga mashaya? Kusan kullum Lewis, shi da ke shan lemu saboda shi zai yi tuƙi. Wa ke yawon ƙafa gida gida yana tambaya, wa ke tono fayil, wa ake gyara wa Turanci a gaban mutane? Lewis. Morse ga kaifin ƙwaƙwalwa, ga wasan cike gurbin kalmomi na jarida, ga kiɗan Wagner, amma ba ya iya tsayawa ya kalli jini, kuma kalmar na gode tana masa nauyi a baki kamar dutse. Ni da na yi shekara shida ina koyon waya da batir a Magazine, matattarar makanikai can Suame, tun kallon farko na gane wannan zaman. Masta da yaronsa ne, ba wani abu ba. Kai za ka shiga ƙarƙashin mota, kai za ka sayo waakye, kai za a yi wa tsawa in sufana mai lamba goma ta ɓata, in aiki ya yi kyau mai mota ya zo yana yabo masta ya gyaɗa kai kamar shi kaɗai ya yi, kuma duk da haka in wani daga waje ya taɓa mastan nan sai inda ƙarfinka ya ƙare. Duk wanda ya koyi ɗinki ko kafinta ko walda ko karatun allo a zango ya san abinda nake nufi. In mutanenka suka kama wannan zaren, shikenan, sun shirya.

Sai maganar samun fim ɗin. Manhajar ITVX ba ta buɗewa daga Ghana, kar ka ƙona datarka a banza. Abinda ya fi kwanciyar hankali shi ne faifan DVD na asali, akwai kwalin da ya haɗa duka 33, in kana da wani borga, wato naka da ke zaune a waje, a Landan ka roƙe shi ya saƙa maka a jaka in zai zo sallah, ni ɗan yayata ne ya kawo mini. Amma ka lura, faifan Ingila na yanki na 2 ne, mu nan yanki na 5 muke, wasu na'urorin za su tofo maka shi waje. Yawancin ƙananan na'urorin da ake sayarwa a Adum da Kejetia ba ruwansu da yanki, komai ka ba su ci suke, sai dai kar ka yarda da bakin mai shago, ka tafi da faifan a aljihu ya saka a gabanka ka gani. Kuma kwana ɗaya kafin ranar ka zauna kai kaɗai ka gudu da shi har ƙarshe ko da sauri sauri ne, musamman rubu'in awar ƙarshe, don faifai yana da mugun hali, ba ya tsayawa sai a inda ake buƙatarsa.

Ka kunna rubutun ƙasa. Ko wanda ya gama yunibasiti a Tek, wato jami'ar KNUST ta nan Kumasi, zai sha wuya da bakin Lewis, Turancin arewa maso gabashin Ingila yake yi irin na wajen Newcastle, Morse kuma yakan jefo baitin waƙa ko Latin ba sallama.

Wuta. Hmm. Karon farkon nan da na ce ya lalace, abinda ya ƙarasa shi ke nan, mu ukun da muka rage idonmu biyu muna zaune Morse ya dafe ƙirji sai ɗif, unguwa gaba ɗaya ta yi duhu, aka bar mu da kukan sauro da na janaretan mai kanti. Dumso ba ya neman izini. Yanzu abinda nake yi, ina duba mita da rana in tabbatar akwai kiredit, in babu in saka ta MoMo tun kafin la'asar, sannan in caja laftof ya cika taf in ajiye a gefe da faifan a shirye da ƙaramar sifika mai batir, in an ɗauke kawai mu matso da benci mu ci gaba. Ni da sana'ata na haɗa batirin mota da ƙaramar inbata, amma ba na ba wanda bai iya ba shawarar ya yi wasa da wannan, kar a je kallon mutuwar Bature a dawo da tamu.

Rana da lokaci su ma a duba. Kar ka sa daren Talata ko Laraba lokacin Champions League, ba wanda zai zo, wanda ya zo ma jikinsa ne a nan ransa na gidan kallon ƙwallo. Ranar da Kotoko, ƙungiyar ƙwallon garinmu, ta yi wasa ita ma ka bar ta, in sun ci ba a jin kunne, in an ci su ba a jin daɗin kowa. Kar kuma ka fara bayan magariba don isha'i za ta raba shi biyu, kuma wannan fim ɗin in ya huce ba ya ɗumamuwa. A yi isha'i, a ci tuwo, ƙarfe takwas a zauna, kafin goma an gama kowa ya samu pragya, keken nan mai ƙafa uku, ya koma gida.

Mutum shida zuwa takwas sun isa, kuma waɗanda suka kalli ukun can na baya kawai. Yara ƙanana a tura su ɗaki, saboda matar da aka kashe, wata nas ce mai suna Yvonne Harrison, yanayin da aka samu gawarta da irin rayuwar da bincike ya tono ba na idon yara ba ne. In akwai dattijo a cikinku ka gaya masa tun farko cewa mutumin nan mashayi ne, giya tana cikin kusan kowane zama nasa, kuma fim ɗin bai ɓoye cewa ita ce ta ci jikinsa ba, gara ya ji daga bakinka da ya gani ya tashi yana a'uzubillahi. Ka naɗa mutum ɗaya tak mai fassara, wanda ya san ya faɗi magana a taƙaice ya yi shiru, ba irin wanda zai ƙara nasa gishirin har Morse ya koma yana jin Hausar Kano ba. Wayoyi kuwa a kife su. Akwai wani yaro a bes ɗinmu da ba ya iya haƙuri, minti ashirin da farawa ya shiga Google ya ga wanda ya yi kisan ya fara murmushi yana kaɗa ƙafa, murmushin nan kaɗai ya ishe ka ɓacin rai, yanzu in zai zo wayarsa a aljihuna take kwana.

Mai ataya ya ɗora tun kafin a fara, ya lissafa yadda zagaye na uku zai fita kafin awa ɗaya ta cika. Bayan nan a sauke buta. Ƙarar zuba shayi daga sama da ƙaran kofuna ba sa tafiya da rabin awar ƙarshe.

Toh an zauna, me za a kalla? Labarin a sama sama shi ne Morse ya dawo aiki bayan jinya, ritaya ta matso, har ya fara koyon kallon tsuntsaye don ya samu abin yi, abin dariya abin tausayi. Shugabansu Strange ya sake buɗe fayil ɗin kisan nas ɗin nan da aka kasa warwarewa, kuma wannan karon Lewis ne ke riƙe da binciken, shi da ya daɗe yana jiran ƙarin girma. Sai ya zamana duk inda Lewis ya je sai ya tarar ogansa ya riga shi, har ya fara zargin akwai abinda Morse ya sani game da matar nan da bai faɗa ba. Ka ce wa mutanenka kar su wahalar da kansu wajen haddace sunayen dangin matar da masu zuwa wurinta, ana binsu a hankali, in wani ya ɓace a tsaya a yi masa bayani sau ɗaya a wuce. Idonsu ya tsaya a fuskar Lewis, yadda haushi da girmamawa ke kokawa a cikinta. Yaron da ya ƙware har ya kai ya buɗe nasa shago amma masta bai sallame shi ba, kuma ga mastan yana tsufa a gabansa hannu na rawa, kai ka ga kuskurensa amma ba ka iya faɗa.

Akwai wani zama da suka yi su biyu a wajen wata mashaya a bakin kogi rana na faɗuwa, Morse ya kalli sama ya karanto baitocin wani mawaƙin Ingila A. E. Housman, daga nan sunan kashin ya fito. Nan wurin in mai fassararka ya ce zai fassara baiti baiti ka taka masa ƙafa. Ya ce kawai mutumin yana kallon ranar da ta tafi ba za ta dawo ba yana nadama, ya isa, sauran muryar John Thaw za ta yi aikinta ko ba ka jin Turanci ko ɗaya. Ni abinda ke ƙara tsaya mini a wuya a wurin nan shi ne shi kansa Thaw bai daɗe ba bayan wannan, a Fabrairun 2002 ya rasu yana da shekara 60, ciwon daji na maƙogwaro.

In kana son ɗan wasa don masu ido, ka ce su nemo Colin Dexter, marubucin, yakan leƙo a kusan kowane kashi, wani ɗan gajeren dattijo a bayan fage ko cikin taro. Kiɗan buɗewa kuma, wanda Barrington Pheloung ya tsara, ɗigo da jan da ake ji a ciki haruffan sunan Morse ne da irin saƙon wayar tangaraho ta da. Amma wannan a yi shi a kashin baya, a na ƙarshe ba na son ana ihu ga shi can ga shi can.

Daga lokacin da Morse ya shiga farfajiyar kwalejin Exeter a Oxford, ana rera Requiem na Fauré, waƙar coci ta addu'ar mamaci, ka ɗauke rimot ka zauna a kansa. Ba tsayarwa, ba mayarwa baya, ba fassara. A kan ciyawar nan zuciyarsa ta buga ya faɗi. Lokacin da ya cika Lewis ba ya nan, yana can filin jirgin Heathrow wajen kamu, wato aikin da ogan ya koya masa shi ne ya hana shi zama a gefen gadonsa. A asibiti Strange ne a kansa, kuma maganar ƙarshe da ta fito daga bakin Morse ita ce a gode wa Lewis a madadinsa. Shekara goma sha uku, kashi 33, sai da numfashi ya zo ƙarshe, kuma ko a nan ɗin ma saƙo aka bayar, bai faɗa masa ido da ido ba. Wannan layin kaɗai za ka bari mai fassara ya faɗa, a hankali, sau ɗaya. Daga baya Lewis ya je inda aka ajiye gawar ya sumbaci goshinsa ya yi masa sallama da irin kiran da ya saba yi masa na oga.

In rubutu ya fara hawa kar ka yi saurin kunna fitila, ka bar kiɗan ya ƙare, akwai manyan maza da ke buƙatar minti biyu su gyara fuska. Kar kuma ka tambayi kowa yaya ka gani. Masu cewa sai me kuma, ka gaya musu Lewis ya samu nasa fim ɗin daga 2006 zuwa 2015, ya zama sufeto da nasa yaron, sannan akwai Endeavour daga 2012 zuwa 2023 inda Shaun Evans ya fito a Morse yana matashi a ƙarƙashin nasa mastan Fred Thursday, 'yar John Thaw ma, Abigail, tana ciki a matsayin 'yar jarida. Amma ba a wannan daren ba. A bar mako guda ya wuce.

A karo na biyun nan na yi ƙarfin hali na gayyaci mastana na Magazine, yanzu ya tsufa ido ya yi rauni, ban zaci zai zo ba sai ga shi a pragya da sandarsa, kuma ukun na baya ma ya kalla a gidana yana mita wai Turawa ba su da aikin yi. Abinda ya riƙe shi tun farko motar ce, Jaguar Mark 2 ƙirar 1960, ja mai duhu da baƙin rufi, duk fitowarta sai ya matso da kujera. A daren ƙarshen na zaunar da shi a gaba kusa da sifika, ni ina bayansa da rimot a ƙarƙashin cinya. Da mai fassara ya faɗi layin nan na godiya ban kalli talabijin ba, ƙeyarsa na kalla, bai motsa ba, hularsa kawai ya ɗan tura gaba. Aka gama, kiɗa ya ƙare, na kunna fitila, ya laluba takalminsa ya saka, na riƙe masa hannu har bakin titi muna jiran pragya ba wanda ya ce uffan.

Da ta zo ya sa ƙafa ɗaya ciki sai ya juyo.

Ya ce, kai yaro, motar nan silinda nawa ce?

Na ce shida ce Masta.

Ya ce na sani, gwada ka nake. Ya zauna ya gyara riga, ni na biya kuɗin pragyar.